Shekarar da Littafina Ya Ci Shinkafar Baffana

Zuwa ga Edita, bayan gaisuwa mai yawa. Ina roƙon a ba ni fili in faɗa wa masu karatu abin da ya same ni a shekarun baya, musamman samarin da na ga sun fara riƙe alƙalami yanzu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Zan bi labarin daki-daki yadda ya faru, don ba na son magana a hargitse.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a wani ƙauye gabas da Haɗeja, a hanyar Kirikasamma, bakin fadama. Karatuna bai wuce elementare ba, amma da yake rubutuna yana fita sosai, aka ba ni ajin yaƙi da jahilci, ina koya wa magidanta boko da yamma. Daga nan na fara rubuta gajerun labarai domin sababbin masu karatu, ina aika wa masu buga littattafai a Zariya ta jirgin ƙasa, wasu a buga, wasu a dawo mini da su. A gida akwai mahaifiyata, da mai ɗakina, da 'ya'yanmu uku. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, ya bar mini gonar gero a tudu da ta shinkafa a fadama. Ni kuwa mutum ne mai son tsari tun ina yaro. Na raba yinina kashi-kashi: daga asuba zuwa hantsi rubutu, sannan gona, da yamma aji. Idan na shiga ɗakin rubutu na saki asabarin ƙofa, doka ce ba mai ɗaga shi, yara ma sanɗa suke yi idan za su wuce. Wani taubashina masunci, ɗan goggona, shi ya laƙa mini suna Malam Sai-na-gama, domin duk abin da aka zo mini da shi amsar da ake samu ke nan. Sunan ya bi ni har kasuwa, ni kuwa a zuciyata yabo na ɗauke shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba, sai na yi masa bayanin jinga kafin in ci gaba. Shinkafarmu da ruwan sama ake shuka ta, daga baya ruwan kogi ya iso daga ƙasar Kano. Idan ya shigo a hankali, shinkafa tare da shi take tashi. Idan kuwa ya afko tana ƙarama, sai ya rufe kanta ta ruɓe. Saboda haka kakanninmu suka yi dogon tudun ƙasa tsakanin kogi da gonaki, shi ne jinga, yana tare ruwa har shinkafa ta yi ƙarfi, sannan a buɗe masa hanya kaɗan-kaɗan. Kowane gida yana da yankin da ya gada, shi zai gyara shi duk shekara kafin ruwa ya zo. Namu ya fara daga gindin wata tsohuwar bishiyar giyayya ya ƙare a wani suri. A bayansa gonata take, sai ta baffana, ƙanen mahaifina, dattijo mai iyali da yawa, wanda shinkafar nan ita ce rabin abincin gidansa.

A shekarar da nake magana, takarda ta zo daga Zariya cewa sun ji daɗin labaraina, in gwada rubuta littafi sukutum, suna son su gan shi kafin damina ta ƙare. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Nan da nan na sake tsari, na ƙara lokacin rubutu har azahar, na jera babi-babi, na ce ba zan sa hannu a wani babban aiki ba sai na kai ƙarshe. Da lokacin gyaran jinga ya yi, baffana ya tako da ƙafarsa har zaurena. Ya ce kowa ya fita nasa yanki, namu ne kaɗai ba a ga kowa ba. Na ce masa ya yi haƙuri in ƙarasa babin da ke hannuna. Ya ce shi bai san babi ba, amma ya ga ruwan kogi ya fara yin ja, yana ɗauko kumfa da karmami, kuma ni ma a nan aka haife ni, na san abin da wannan yake nufi. Don in raba gardama, washegari na samo 'yan ƙodago biyu, baƙi daga wajen tudu. A bakin zaure na yi musu kwatance, na ce daga giyayya zuwa suri, su ɗaga shi daidai da na maƙwabta. Suka je suka yi, suka dawo na sallame su. A wurina magana ta ƙare, domin a lokacin abin da na ce an gama ba na waiwayarsa.

A nan ne kuskuren yake, kuma sai na yi bayanin yadda gidanmu yake kafin a gane shi. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, idan tana da saƙo sai ta faɗa wa wani a inda zan ji. Ranar da 'yan ƙodagon suka gama aiki, ta zo ta zauna a tsakar gida dab da asabarina tana tsince wake, ta ce da mai ɗakina, da ɗan ƙarfi, wai marigayi bai taɓa zuba ƙasa a gindin giyayyar nan ba sai ya tone shi tukuna, domin gafiya tana rami a cikin saiwoyin, sai an cike da yumɓu an daka. Na ji muryarta, amma hankalina yana kan takarda, na ɗauka hirar mata ce. Mai ɗakina ta jira har na fito cin abinci, saboda dokar da na kafa, ta maimaita mini. Na ce mata an riga an gama jinga, kada a dawo da ni baya. Mahaifiyata tana ji. Ba ta da hanyar da za ta matsa mini fiye da wadda ta bi, kuma na san haka sarai.

Ranar da abin ya faru rana tana haske ƙal, an kwana biyu ko yayyafi ba a yi a garinmu ba. Ina zaune da hantsi, saura kaɗan in gama littafi, sai na ga an yaye asabari ba ko sallama. Mai ɗakina ce da goyo a baya. Ta ce in tashi, jinga ta ɓalle, kuma a yankinmu ne. Allah ya sani, na buɗe baki zan ce ta bari in ƙarasa layin da na fara. Ba ta jira ba, ta sa hannu ta ɗauke kwalbar tawada daga gabana, ta ce tawada tana wurinta sai na dawo, idan kuma faɗa zan yi, in ajiye shi zuwa yamma. Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi mini haka ba. Na fita da gudu ko takalmi ban sa ba.

Da na isa fadama na tarar da mazan gari a cikin ruwa har ƙirji. Aikin 'yan ƙodagon ba shi da laifi, sun ɗaga ƙasa sumul kamar yadda na ce. Ta ƙarƙashi ruwan ya bi, ta ramukan da ke cikin saiwar giyayya, ya rarake wurin har saman ya rufta, yana kwarara cikin gonaki kamar an buɗe ƙofa. Taubashina yana tafe a kwalekwale da turaku, da ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce a ba da hanya, Malam Sai-na-gama ya gama. Ya tambaye ni ko na taho da littafin, domin yadda na daɗe a kansa ya isa ya yi kaurin da zai toshe ramin. Wasu suka yi dariya, ni kuwa na tuɓe riga na faɗa ruwa. Aka kafa turaku, aka jingina zana, aka danna dammunan ciyawa, mata da yara suna miƙo yumɓu a kwanduna daga tudu. Sau biyu ruwa yana kwashe abin da muka zuba. Baffana yana kusa da ni duk tsawon yinin, ba abin da ya ce mini sai riƙe nan, danna can. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Wajen la'asar Allah ya taimake mu muka rufe wurin.

Gonakin sauran mutane sun tsira. Tawa ta tafi gaba ɗaya, ta baffana kuwa fiye da rabi ya nutse, muna kallo ganyen ya yi ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ruwa ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki na je gidansa na durƙusa, na ce laifina ne, in an girbe geron tudu ya aiko a kwashe. Sai ya ce geron nan na matar yayansa ne da jikokinta, ba zai taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Ya ce shi dai ya tsufa, gwiwoyinsa ba sa son laka, saboda haka daga bana yankinsa na jinga ya haɗu da nawa, ni zan riƙa gyara su, da hannuna, ba da hannun baƙo ba, muddin yana raye. Ya ƙara da cewa idan an buga littafin in kawo masa, yana son ya ga abin da ya cinye masa shinkafa. Na ce na karɓa.

Shekarar ta yi mana nauyi. Baffana sai da ya sayar da bijimin da yake kiwo kafin ya kai iyalinsa wata kaka, kuma har yau idan na tuna na ga ana jan bijimin nan zuwa kasuwar Haɗeja sai raina ya ɓaci. A gidana ba a dafa shinkafa ba ko ranar salla. Taubashina ya riƙa aiko mana da tarwaɗa, kowane aike da irin baƙar maganar da zai haɗo, wai kifin nan a gonata ya yi ƙiba, don haka haƙƙina ne. Na rubuta Zariya na ce littafi ba zai samu bana ba, na faɗi dalili. Ina tsammanin shi ke nan na rasa damar, sai suka amsa cewa in aiko duk lokacin da ya kammala.

Ban daina tsari ba, don halina ne, amma na sake shi daga tushe. Yanzu daga faɗuwar ruwan fari har a kai amfani rumbu, ni manomi ne, alƙalami sai dai in ɗan tsakura abin da nake tsoron mantawa. Idan ruwa ya janye, rubutu ya samu nasa lokaci, kuma rani yana da tsawo. Na koma zaure da aikina, inda duk mai magana zai same ni. Kowace safiya bayan na gaida mahaifiyata ba na saurin tashi, nakan ɗan zauna daga gefe, ita kuma ta yi ta yi wa jikokinta ko mai ɗakina zance, ni ina tsince nawa a ciki. Abin mamaki, da wannan tsarin na gama littafin, na kuma rubuta wasu bayansa, ba tare da gidana ya rasa komai ba. Ranar da na farkon ya iso, na kai wa baffana yana zaune a ƙofar gida. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗaga a tafin hannu, ya ce ashe abin ba shi da ko nauyi amma ya iya ci haka. Ya sa na karanta masa babin farko. Da na tsaya, sai ya ce wa ya ce in tsaya, yana son ya ji yadda mutumin cikin labarin ya ƙare.

Yau alhamdu lillahi ina cikin rufin asiri, ina noma, ina rubutu, yarana suna shigowa zaure su hau mini gwiwa ina tsakiyar layi, ban ga abin da ya ragu ba. Amma ina jan kunnen duk wanda Allah ya ba wannan baiwa yana kuma da iyali. Da farko, kada ka kafa dokar da za ta sa mutanen gidanka su ji tsoron ɗaga labule su faɗa maka gaskiya. Na biyu, ka lura da waɗanda kunya ko ladabi ya hana su ɗaga maka murya, domin sau da yawa magana mafi muhimmanci a gidan sau ɗaya za a faɗe ta, a hankali, kuma ba kai za a kalla ba. Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Idan ka jinkirta rubutu, kai kaɗai ka jira. Idan ka jinkirta aikin da ka gada a cikin jama'a, ba kai kaɗai za ka biya ba. Littafina ya makara shekara guda, ba wanda ya kwana da yunwa saboda haka. Gindin giyayya kuwa aikin safiya ɗaya ne na ƙi zuwa in duba, kuma dattijon da bai san ko harafi ɗaya ba shi ya biya da bijiminsa.