Lemuel Tarver da Man da Ya Fi Kyauta Araha

Duk wanda ya zauna a Cushing, garin tankunan mai da ke jihar Oklahoma ta Amurka, ya san Lemuel Tarver, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan ɗingishi, wanda warin ɗanyen mai ke riga shi shiga coci ran Lahadi, komai yawan sabulun da ya ƙarar. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana hawa tankunan mai na bayan gari, ya buɗe murfi, ya zura igiyar awo, ya jawo ya duba inda baƙin ya tsaya. Rani da ɗari aikinsa ke nan. Man ba nasa ba, tankin ba nasa ba, gwiwoyin da suka lalace a kan matakala su ne kawai nasa.

Abin da yake nasa na gaskiya yana gabas da gari: rabin gonar gidansu, ɓangaren da itatuwan pikan suke, masu 'ya'ya a cikin ɓawo da ake fasawa a ci kamar gyaɗa. Kakan ubansu ne ya sami gonar a zamanin rabon filaye, shi ɗan bayin da aka 'yanta, kuma tun daga nan ba a taɓa yankar ko taku ɗaya an sayar ba. Je ka ƙirga gonakin baƙar fata da suka rage a gundumar nan, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka. Da ubansu ya rasu aka raba ta biyu. Yayarsa Vernice ta ɗauki ɓangaren da tsohon gida yake, inda take jinyar uwarsu, Mama Idella, wadda tsufa ya fara ɗauke mata tunani. Lemuel ya ɗauki itatuwan. Shi bai taɓa aure ba, haya yake a cikin gari, amma duk kaka yana can yana kakkaɓe 'ya'yan pikan, Mama na zaune a baranda tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta.

To, Lemuel yana da ciwo guda a zuciya, sunan ciwon Dub Hollis. Tare suka fara aikin tanki suna samari, Dub farin yaro mai surutu, Lemuel shiru-shiru. Duk lokacin da kasuwa ta faɗi, aka shiga sallamar ma'aikata, kowa na ƙulle ɗan abin da ya tara, sai Dub ya kwashi nasa ya sayi hannun jarin kamfanonin mai, ya koma ya kwanta. In shekara ta juyo sai ka gan shi da sabuwar mota. Sau uku Lemuel yana ganin haka da idonsa. A na ukun Dub ya ajiye aiki, ya sayi jirgin ruwan kamun kifi, ya bar Lemuel da matakala.

"Mutumina, kai fa kuɗinka sun fi ka jin daɗi," Dub kan ce in sun haɗu wajen cin tarwada soyayya. "Suna kwance a banki cikin sanyi, kai kana rana."

"Bar su su kwanta. Sun san hanyar gida."

"Tsoro dai, Lem. Da tsoro ake haihuwar wasu."

Dariya Lemuel yake yi, amma maganar tana cinsa. Ba ƙiyayya ba ce, kar a ɗauki alhakinsa. Baƙin ciki ne na wanda ya san abu ciki da waje, ya ga wasu ne ke cin arzikinsa.

Sai shekarar annoba ta zo. Jirage suka daina tashi, motoci suka kwanta a ƙofar gidaje, kasuwannin duniya suka yi ta zubewa tun daga Tokyo har New York. Kamfani ya kira Lemuel ya ce an gode, yanzu na'ura ce ke awo, ga kuɗin sallama. Ko hannu ba a ba shi ba, wai saboda cuta. Ya fito yana ɗan shekara hamsin da takwas, da kwalin takalmansa a hammata.

A makon nan ya sami Dub a bakin shagon kayan gona, kowa zaune a bayan motarsa, da tazara tsakani.

"Wannan karon da ni za a yi," in ji Lemuel.

Dub ya cire takunkumi ya dube shi. "A'a, yau rana ta fito daga yamma. To sayi hannun jari ka manta da shi shekara biyu."

"Hannun jarin wa? Na waɗanda suka kore ni? Kamfani na mutuwa, Dub, na ga gawar da yawa. Man kansa zan saya. Mai ba ya mutuwa."

"Takardar cinikin mai za su ba ka, ita kuwa ba hannun jari ba ce fa. Tana da wa'adi. Ba a kwana da ita."

"Ni za ka koya wa mai?"

Dub ya mayar da takunkuminsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ga abin da ke ba ni haushi har gobe. Ba a garin nan wanda ya fi Lemuel sanin cewa tankuna suna cika. Kafin a sallame shi da hannunsa ya auna, ya ga baƙin yana hawa kullum, ya ji cewa 'yan waɗanda suka rage ma an riga an kama hayarsu. Amma shi abin da ya karanta a ciki daban ne: mai ya yi yawa, zai yi araha, araha kuwa ita ce damar da ya shekara talatin yana kallo tana wuce shi. Ya san nawa ake kashewa kafin a haƙo ganga guda. A lissafinsa, abin da aka sha wahala aka fito da shi daga ƙasa, mafi munin abin da zai same shi shi ne ya zama kyauta. Ƙasa da kyauta kuma sai me?

Ya buɗe asusu a wayarsa da wani kamfanin dillalai, ya zuba kuɗin sallamar da abin da ke banki, ya zauna jira. Wata Litinin a watan Afrilu farashi ya fara gangarowa tun da safe. Da hantsi ganga ta koma kuɗin farantin wake da burodin masara. Lemuel ya saya. Bayan azahar ta koma kuɗin kofin shayi, ya ƙara cikin murna. Da ta sauko ƙasa da dala ɗaya ya ƙara na uku, ya miƙe tsaye a ɗakin girkinsa shi kaɗai yana cewa, "Dub, zo ka ga matsoraci."

Abin da bai saka a lissafi ba shi ne, takardar da ya saya washegari wa'adinta ke cika. Duk mai riƙe da ita, ko dai ya kawo tanki ya karɓi mansa, ko ya nemi wanda zai karɓa. Tanki kuwa babu. Masu takarda suka shiga roƙo, har suka koma biyan kuɗi don a raba su da kaya. Farashi ya taɓa sifiri, bai tsaya ba, ya ci gaba da nutsewa kamar gugan da igiyarsa ta tsinke. Kafin a tashi kasuwa ya kusa dala arba'in ƙasa da babu.

Washegari wani yaro mai ladabin murya ya bugo daga kamfanin dillalan. Ya ce abin da Lemuel ya zuba ya tafi duka, kuma ana binsa ninkin hakan har uku.

"Ɗana, ban gane ba," in ji Lemuel. "Na sayi abu, ya lalace, na yi asara, na yarda. Bashin na mene ne?"

"Ranka ya daɗe, kuɗin da aka biya ne kafin a sami mai karɓar man daga hannunka."

"Wane hannun? Ko ɗigo ban gani ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Yi haƙuri."

Ya yi ta ɓoye maganar har rani ya shigo, lauyoyi suka fara kira. Sannan ya je ya sami Vernice a bayan gida tana shanya zannuwan gadon Mama. Ta saurare shi har ya gama, ba ta daina shanya ba.

"Nawa ne?"

Ya faɗa.

"Me kake da shi da ya kai haka?"

Ya dubi wajen itatuwan.

"A'a," ta ce. "Lemuel, a'a."

"Yaya, in ban sayar ba kotu za ta sayar, a wulaƙance."

"Ni na shekara ashirin ina dafa wa 'ya'yan mutane abinci a makaranta, ban taɓa ganin kuɗin nan a wuri ɗaya ba, balle in fanshi gonar. Baba ya ci bashi, ya ci wake ba gishiri, ya ƙi sa hannu a sayar da ita. Kai da wayar hannu, a zaune, cikin yini ɗaya." Ta matse wani zane har ruwa ya zubo mata a ƙafa. "Da giya ka sha da na ce giya ce. Da mace ce da na ce mace ce. Wayo ka je yi."

"Na san mai, Yaya."

"Ka san warinsa. Kar ka kuskura Mama ta ji."

Dub ne ya saya. Ya zo da hularsa a hannu, ya ce gara shi da baƙo, ya ba da farashi mai kyau, har ya ɗan ɗora. Ba wanda zai ce ya yi cuta, kuma wannan ne ya fi ciwo, don Lemuel ya nemi wanda zai tsana ya rasa. Kuɗin kuwa daga ina? Daga hannun jarin da Dub ya saya a watan nan na annoba, ya kwanta a kansu. Kafin shekara biyu mai ya haura dala ɗari. Maganar Lemuel ta tabbata, mai bai mutu ba. Sai dai lokacin yana tsaye a ƙofar wani babban kanti da riga mai ɗauke da sunansa, yana jera wa mutane kekunan sayayya.

Har yanzu yana zuwa gidan Vernice ran Lahadi bayan coci. Tana zuba masa abinci, tana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Ita Mama Idella ta rage gane mutane, wani lokaci ma da sunan mijinta take kiran Lemuel.

Wata Lahadi cikin kaka suna zaune a baranda, ga tarakta can ƙarƙashin itatuwan tana yanke ciyawa kafin kakkaɓa. Mama ta kare ido da hannu ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wancan a gonarmu?"

Vernice tana bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta tsaya, ta bar masa amsar.

"Dub ne, Mama."

"Ɗan gidan Hollis? Allah sarki, taya ka aiki ya zo yi? Yaron kirki, tun yana ƙarami." Ta dafa masa gwiwa. "In an kakkaɓe ka cika masa buhu guda ya kai wa iyalinsa. Ba a shigo mana gona a fita hannu wofi. Ka ji ko?"

"Na ji, Mama."

"Babban buhu fa. Kar ka yi masa rowa, muna da shi."

Vernice ta juya ta koma ciki. Lemuel ya zauna da hannun tsohuwar a kan gwiwarsa, yana kallon taraktar tana kai da kawowa, har Dub ya hango su ya ɗago hula.

"Ɗaga masa hannu mana," in ji Mama.

Ya ɗaga.