Baduku a Cikin Kambas

Shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba baduku, amma har yau in hadari ya taso ta wajen Binuwai, sai in ji kamar ƙanshin jemammiyar fata na shigo mini ta taga. Na san babu wata fata, maƙwabcina injin niƙa gare shi. Duk da haka nakan ajiye abin da nake yi in kasa kunne, ko zan ji bugun gudumarsa.

A kasuwar Garwa Baba yake da rumfa, yana ɗinka takalman fata masu jan baki, irin waɗanda mutum zai zura ƙafa ya wuce. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, gari na ta buɗewa, ana ta shimfiɗa kwalta. A lokacin ne wani kamfanin takalma ya buɗe kanti mai gilashi kusa da kasuwa, kambas ya shigo mana. Mu tenis muke ce masa.

Iri uku nake tunawa. Akwai farin gajere wanda bai kai idon sawu ba, na 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, da ma'aikatan asibiti. Ranar Lahadi sai ka ga an jera su a kan katanga an shafe su da jiƙaƙƙen alli, masu rowa kuma su shafa farar ƙasar Figil, ta cinye musu yadin. Akwai baskit mai dogon wuya, da hular roba a kan yatsu, na samari masu ji da kansu. Sai na ukun, marar igiya, mai roba mai talewa a gefe, wanda kowa ya raina, wai na malalata ne. Baba duka ukun ya tsana, amma ya fi jin haushin baskit. Yakan ce, "Buhu ne aka yi wa gindin roba. Kafin ka kwance igiyarsa liman ya sallame."

Mu dariya muke yi, shi kuwa abin na cin sa, don masu tsayawa a rumfarsa sai raguwa suke. Ana cikin haka yayana Sali, wanda Baba ya koya wa riƙon basilla tun yana ƙarami, ya kama aiki a kantin nan mai gilashi. Baba bai yi faɗa ba, daina yi masa magana kawai ya yi. In Yaya ya gaishe shi, sai ya ɗaga hannu, idonsa na kan ɗinki. Yaya ya tattara ya kama haya, aka daɗe a haka.

Yanzu jikokina kowa da kambas ɗinsa, wani tafinsa ya kai kaurin bulo, wani har wuta yake kawowa. Sukan zauna suna musu a kan wanne ne na asali, wanne ne jabu. Ina jin su sai in hango Baba ya shigo, ya ɗauki guda, ya kifa shi a tafin hannu yana neman zare, bai samu komai ba sai gam. Da ya ga yadda suke take dunduniyar takalmin a ƙofar masallaci don gudun kwance igiya, na tabbata sai ya dube ni ta gefen ido, irin kallon nan nasa na wanda ya ci gardama.

Ciwon da ya kwantar da shi daga ƙafa ya fara. Ƙafafun suka kumbura har takalman da ya ɗinka da hannunsa suka ƙi shiga, ya daina zuwa Juma'a. Ni a lokacin ina gidan aurena, kullum ina zuwa duba shi, ina ganin yadda yake ƙarewa. Tsorona ɗaya ne, kada ya tafi bai ce wa ɗansa uffan ba.

Wata Juma'a da hantsi Yaya ya yi sallama da ƙunshi a hammata. Kambas irin na malalatan nan ne ya kawo, babba. Baba ya juya fuska bango. Sai Yaya ya zauna yana ba ni labari da ƙarfi, kamar ni na tambaye shi, abin da aka faɗa musu a Duwala wajen koyon aiki. Wai kamfanin ba na Duwala ba ne, ba kuma na Legas ba kamar yadda 'yan Nijeriya ke bugun ƙirji. Daga wani ƙaramin gari yake a Turai. Wanda ya kafa shi, ubansa da kakansa duk dukawa ne, fata ce ta fi ƙarfinsa ya koma ɗinki da yadi.

Can sai Baba ya miƙo hannu ta baya. Ya juya takalmin, ya bi ɗinkin da farce.

"Ashe ɗan baduku ne," in ji shi. "Rashi ya sa shi, ba raini ba." Sai ya dubi Yaya ido cikin ido. "Sali, miƙo mini wuƙa."

Ya tsaga saman don kada ya matse kumburin, amma basilla ta gagare shi. Yaya ne ya bi bakin tsagar da jan fata, Baba na ta mita wai kanti ya lalata masa hannu. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba, sai da na fita tsakar gida na share hawaye. Ranar tare suka je masallaci, Baba na dafe da kafaɗarsa. Kafin damina ta ɗauke Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yau a rumfarsa cajar waya ake sayarwa. Kantin gilashin ma ya daɗe da rufewa, kuma ko ƙafa ɗaya ta takalman Baba ban san inda zan samu ba. Abin da ya rage mana ba shi da yawa, shi ma sai da Yaya ya yi furfura ya faɗa mini. Ya ce da ya durƙusa zai sa masa takalmin, Baba ya dafa kansa don kada ya faɗi. Ƙafar dama ta shiga, ta hagu ta shiga, hannun bai ɗaga ba.

"Ni kuwa na yi ta gyara dunduniyar," in ji Yaya, "alhali ba abin da ya same ta."