Ƙanƙarar Kawu Orville

Kawuna Orville ya tsufa yana tatsar shanu a jihar Wisconsin ta Amurka. Da ƙuruciya gwanin ƙwallo ne, sai babansa ya rasu, gona ta riƙe shi.

Ranar da muka raka jikarsa ganin jami'a, aka shiga da mu ɗakin 'yan wasa. Ga wani babban baho cike da ƙanƙara.

Kawu ya ce, "Wannan fa?"

Ɗalibar da ke zagayawa da mu ta ce, "Gwiwoyinsu suke jiƙawa bayan wasa, Baba."

Ya tsoma hannu, ya taɓe baki. "Ko sanyi babu. Wadda nake fasa wa shanuna da gatari ta fi wannan."

Har muka isa gida yana ta murza gwiwarsa.