Sun Danne Ka Har Ka Yi Shiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wannan wata, ƙanena da muke kira Injiniya ya rasu a cibiyar kula da masu lalurar galahanga inda yake wuni.

Injiniya, magana ba ta dame ka ba, amma hannunka ya yi wa unguwa aiki. Fankar wa ba ka kwance ka ɗaura ba? Tela ya taɓa kawo maka kekensa yana tsokanarka, "Ranka ya daɗe, a taimaka wa talaka." Ka gyara, ka tura masa abinsa, ko kallonsa ba ka yi ba. In ciwon ƙafa ya kwantar da Umma, kai ne mai zama kana matsa mata har ta yi barci.

Ƙara ce kawai ba ka iya ɗauka. In ta yi yawa sai ka toshe kunne, ka dinga dukan kanka. A gida mun san maganin: a kashe abin da ke ƙara, a ja da baya, kada a taɓa ka. Malamar da ta saba da kai ma ta sani, sai dai ranar ba ta zo ba.

Ranar ana huda bango da inji a ɗakinku. Ka fara dukan kanka. Maimakon su tsayar da mai aikin, sai ƙarti suka yi maka ca, wai haka tsarinsu yake, a danne mutum har ya natsu. Suka kifa ka, suka murɗe hannunka ta baya, ɗaya ya kafa maka gwiwa a gadon baya. Leɓenka ya fashe a kan siminti. Kana harbin iska, injin yana ta ihu. Da ka daina motsi, suka ce ka natsu.

Shugaban cibiyar ya zo gaisuwa yana cewa, "Hajiya, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Umma ta ce, "Na yi haƙuri da hukuncin Allah. Da naku ban yi ba." Wallahi ni ma ba zan yi shiru ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Umma da sauran dangi, Allah Ya ba mu juriya. Ya Allah, Ka tsare abokansa, don gobe da safe ma can za a kai su.