Kwalin Ƙafar Dogo

Shekara talatin da huɗu Kawuna ya yi yana ɗinka takalma a shago ɗaya, a ƙarƙashin bene, jikin shagon mai gyaran agogo. Shi bai yarda da lambar takalmi ba. In ka zo, sai ya sa ka taka kwali, ya zagaye ƙafarka da fensir, ya yanke ya rataye a ƙusa. Bangon shagon kaf ƙafafun mutane ne. Ni kaina nawa uku ne a wurin tun ina firamare, kuma har yau yana tsokanata wai ƙafar agwagwa gare ni.

Kwalin da ya fi kowanne tsufa na Dogo ne, wanda suka koyi sana'a tare a hannun maigida ɗaya. Ƙafar Dogo ta hagu ta fi ta dama faɗi, takalmin kanti ba ya shigarsa sai da azaba. Ko da Allah ya buɗa masa ya kafa masana'antar takalma, ya zama shugaban ƙungiyarsu, bai iya sa abin da injinsa ke fitarwa. Duk shekara Kawu ke ɗinka masa takalmi ƙafa biyu, kuma ban da mu 'yan gida bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da takalman waje masu araha suka cika kasuwa, Dogo ya zo da kansa ya zauna a benci, ya ce mafita ɗaya ce, a sa gwamnati ta lafta musu haraji. Kawu ya rufe shago sati uku yana bin masu sana'a lungu-lungu suna sa hannu a takarda. Duk wanda ya yi gardama, sai ya dafa ƙirji ya ce Dogo ɗan'uwansa ne, shi ya tsaya masa. Takardar kuwa ko layi ɗaya bai karanta ba, ga tabarau a aljihu. Matarsa ta ce ya ba ni in duba, ya ce shi ba zai bincike ɗan'uwansa kamar ɓarawo ba.

Doka ta fito. An sa wa takalman waje haraji, wannan gaskiya ne. Amma an haɗa da tafin roba da gam da zaren da Kawu ke aiki da su, waɗanda duk daga waje suke zuwa. Masana'anta mai ma'aikata ɗari zuwa sama kaɗai aka yafe wa, kuma guda ɗaya ce a garin, ta Dogo. Maƙwabciyar ƙasa ta rama da nata harajin, ɗan kasuwar da ke sarin kayan Kawu yana kaiwa can ya ɗauke ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutanen da ya sa suka sa hannu sun daina amsa gaisuwarsa. Sau huɗu yana zuwa masana'antar, maigadi na ce masa Shugaba yana taro. Ni dai ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ranar da muke kwashe kayan shago, ina sauke kwalaye daga bango, sai ga direban Dogo. Wai Shugaba yana gaisuwa, kuma lokacin sababbin takalmansa ya yi, baƙi da ruwan ƙasa kamar kullum.

Kawu ya miƙa hannu ya zaro tsohon kwalin nan, ya kakkaɓe shi a cinyarsa.

"Ungo, kai masa ƙafarsa," ya ce. "Ka ce na gaji da riƙe masa. Ya ba injinsa ya gwada."

Direban na tsaye da kwali a hannu, Kawu ya juyo ya ce in miƙo masa kwaɗon ƙofa. Har yau sauran kwalayen suna cikin buhu a ƙarƙashin gadonsa, ya hana kowa ya taɓa.