Na-Toka da Bulon Jami'a

Ɗan kawuna ne, kuma ni na koya masa buga bulo. Wannan sai na faɗa tun farko, kada wani ya ɗauka da iyawarsa aka haife shi. Shekara bakwai na ba shi. Filin aikinsa yana kallon nawa, titi ne kawai tsakaninmu, kuma a da sai mota biyar ta tsaya a gabana kafin ɗaya ta tsaya a gabansa. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Wata rana wata Dakta ta zo daga jami'a, kuma wurina ta fara zuwa. Ta ce gwamnati ta ba su kuɗin bincike, su gano ko tokar buntun shinkafa za ta rage simintin da bulo ke ci. Fili take nema da mai aikin da za su yi gwaji tare.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wato harajinmu ne za a ƙona ya zama toka?"

Leburorina suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta yi godiya, ta tsallaka titi.

Shekara uku suka yi suna abu ɗaya. Ya buga bulo da guminsa, ɗalibai su ɗora shi a wani inji su murƙushe a gabansa, su rubuta a takarda, shi kuma yana murmushi. Kullum gashin girarsa fari fat da toka. Ni na laƙaba masa Na-Toka, sunan ya bi shi har gida.

Sai siminti ya yi tsada. Bulonsa ya fi nawa araha, ga ƙwari kamar dutse. Kafin in farga ya ɗauki leburori goma sha biyu. Masu injin casa, da a da suke rasa inda za su zubar da buntu, suka fara sayar masa. Har mai shayin da ya shekara goma a jikin katangata ya ɗauke teburinsa ya koma can. Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi ta zuba masa takin, shi kuma yana ta tofo.

Sau biyu yana tsallakowa. "Yaya, ka zo in nuna maka mana, ai ba sirri ba ne."

"Ni za ka koya wa bulo?" in ji ni.

Ciniki ɗaya ya rage mai riƙe da ni, na wani tsohon magini da ya shekara ashirin bai taɓa sayen bulo a wani wuri ba. Ya samu aikin azuzuwa shida, ya ce mini, "In ka buga irin na ƙaninka cikin wata guda, a wurinka zan ɗauka. In ba haka ba, kada ka ga laifina."

Da in je in tambaya, na gwammace in yi leƙe ta saman katanga. Na ga hayaƙi, na ga buntu, na ce ai shi ke nan. Na haƙa rami, na ƙona buntu ya yi baƙi wuluk, na cuɗa da siminti na buga.

Maginin nan yana da al'ada: yakan ɗaga bulo daidai kafaɗarsa ya sake shi ƙasa. Ranar da ya zo, ya ɗaga nawa ya saki. Ya wargaje kamar busasshen burodi. Maginin ya karkaɗe hannunsa ya tsallaka titi.

Can sai ga Na-Toka. Ya ɗebi tokata ya murza a yatsa.

"Yaya, ai ba ta ƙonu ba. Sai ta yi fari, a niƙa, a tankaɗe. Duk yana cikin takardar."

"Wace takarda?"

"Wadda Dakta ta raba wa masu bulo bara. Ta ce da kuɗin jama'a aka yi aikin, don haka na jama'a ne. Hannu da hannu ta ba ka, ina tsaye."

Ya dudduba rumfata, ya durƙusa a gindin injina. Ƙafa ɗaya ta injin takan yi rawa, na daɗe da tokare ta da wani abu. Ya zaro shi, ninki takwas, ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ya warware takardar a kan gwiwarsa a hankali don kada ta yage, ya miƙo mini da hannu biyu.

A tsallaken titi kuwa, an fara loda wa magini mota ta biyu.