Zanen da Ya Kai Idon Sawu

Na ga abubuwa da dama a duniyar nan, wasu ma na manta su tun ban ba kowa labarinsu ba. Amma ranar da na fara ɗaura zanen da ya kai mini idon sawu, ita kam sai dai a binne ni da ita. Wani zai ji ya yi dariya, ya ce tsohuwa ta rasa abin tunawa sai zane. A yi dariyar, ni na san abin da ya yi mini.

A Kebbe aka haife ni, tun Nasara ba su iso ƙasar nan ba. Gidanmu gidan manoma ne, gero da dawa da 'yar auduga, sai shanu kaɗan. Duk gidan babu dogo. Babana madaidaici ne, innata kuwa gajeruwa ce dunƙulalliya. Ni kaɗai Allah ya ja kamar zare. Kafin in isa aure na wuce innata, na wuce yayyena maza, ba na shiga ɗaki sai na sunkuya. 'Yan matan unguwa suka sa mini Zalɓe saboda dogayen ƙafafuna, sunan kuma ya bi ni har bakin rijiya.

Tsawon bai dame ni kamar zane ba. A lokacin masaƙa sirara-sirara suke saƙa tufafi, faɗin tafin hannu, kowane tsiri ana ce masa ƙwarya, sai a jera su a ɗinke su zama zane. Masaƙin unguwarmu ƙwarya goma sha biyu yake yi wa zanen mace. Haka ya tarar ubansa yana yi, haka shi ma yake yi. Kowace mace ta ɗaura a ƙirji sai ya sauka har idon sawu. Ni in na ɗaura, ƙasan gwiwa kaɗan yake tsayawa, ƙwaurina duk a waje. In na sassauto shi ƙasa, sama ta buɗe. Sai na koyi wata tafiya tawa ni kaɗai: in ɗan lanƙwasa gwiwa, in ranƙwafa, in maƙale wuya, wai don zanen ya ƙara sauka. Na yi shekaru ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa.

Mutanen gidanmu sun yi ƙoƙari, Allah ya ji ƙansu. Kakata takan ɗora mini tulu cike da ruwa ta ce in tsaya da shi, wai nauyin zai danne tsawon. Ta hana ni cin tuwo a tsaye, ta hana ni yin miƙa in na tashi barci. Innata kuwa addu'a take yi Allah ya tsayar da abin haka nan. Kowa jikina yake kallo yana neman yadda za a rage shi. Babu wanda ya taɓa juyawa ya kalli zanen, har ni kaina.

Ana nan sai aka sa bikin 'yar ƙanen babana. Tare muka tashi da ita, wata biyu ne tsakaninmu, tabarma ɗaya muke kwana. Ita kaɗai ce a tsararrakina ba ta taɓa kirana Zalɓe ba. Wani saurayi marini daga Tambuwal ya gan ta, suka so juna, iyaye suka amince. Ta ce ni ce babbar ƙawa, ni zan raka ta har ɗakinta. Na yi murna ƙwarai. Duk ranin nan na yi shi ina gurzar auduga, ina shiɓa, ina kaɗi, har yatsuna suka yi kanta. Aka rina rabin zaren, na kai wa masaƙi na ce ya yi mini saƙi mai kyau, irin mai ƙananan gidaje shuɗi da fari. A raina ina ganin tunda zanen biki ne, wataƙila ya fi sauran.

Saura kwana biyar aka kawo shi. Ya yi kyau kam, ba ƙarya. Na shiga ɗaki na ɗaura, na duba ƙasa, sai ga ƙwaurin nan nawa suna kallona kamar kullum. Na zauna bakin gado na yi kuka mai isata. A Kebbe an saba da ni, amma Tambuwal babban gari ne, ga kasuwa, ga dangin ango, ga ni a gaban 'yan rakiya kowa ya zuba mini ido. Nan take na yanke shawara ba za ni ba.

Na je na sami amarya na ce mata cikina ke ciwo, ba na jin zan iya tafiyar. Ta daɗe tana kallona, don ta san ƙarya nake yi.

Ta ce, "Kin san ba ni da ƙawa ko guda can. Ke ɗai nika da."

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, shi ke nan," ta juya fuskarta ga bango. Tun muna yara ba ta taɓa juya mini baya ba sai ran nan. Na fito jikina a sanyaye, amma kunyar ƙwaurina ta fi ƙarfin tausayinta. Har yau in na tuna wannan sai in ji nauyin kaina.

Washegari da hantsi gwaggona ta iso daga Tambuwal domin bikin. Yayar babana ce, dillaliyar tufafi, mijinta kuma maɗinki. Ƙatuwar mace ce, jakin da ya kawo ta sai da ya yi ajiyar zuciya da ta sauka. Amma in tana tafiya sai ka rantse garin nata ne. Kwalli raɗau, lalle har wuyan hannu, zanenta ya zagaye ta ya yi saura, ba ta jan sa, ba ta gyara shi. Ta gama gaisawa da mutane ta tambayi ina babbar ƙawa, aka ce tana ɗaki, ciki ya kwantar da ita. Sai ga ta ta cika ƙofa.

Ta ce, "Ɗiyata, mi as same ki?"

Na ce, "Cikina na, Gwaggo."

Ta dubi ƙoƙon furar da na shanye tas a gefen gado, ta dubi sabon zanen da na dunƙule na jefar a kusurwa. Ta ɗauko shi ta warware, ta bi ƙwaryoyin da yatsa.

"Tashi ki ɗaura in gani."

Na tashi na ɗaura, na lanƙwasa gwiwa yadda na saba. Ta zaro mazarina daga cikin kwando ta ƙwanƙwashe ni a gwiwa.

"Miƙe tsaye. Wa yac ce maki haka mutane ka tsayi?"

Na ɗan miƙe. Ta sake ƙwanƙwasa ta a baya, tsakanin kafaɗu. Ta tura ni jikin bango ta ce duga-dugaina da ƙeyata su taɓa shi. Na ji ƙasusuwan bayana suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, don sun manta da irin wannan tsayuwa. Ta tsinko zare daga jikin mazarin, ta hau kan 'yar kujera tana nishi, ta kafa bakinsa a hammatata, ta sake shi har idon sawu, ta ƙulla. Sai ta shimfiɗa zanen a ƙasa ta ɗora zaren a kai. Ya wuce zanen da tafi uku.

Ta ce, "Kin gani? Ƙwarya ukku ɗai ta. Kan ƙwarya ukku kika son ki bar 'yar'uwarki ta tahi baƙon gari ita ɗai?"

Na zuba wa zaren ido. Shekara da shekaru ina ganin laifina ya kai tsawon rimi, ashe duk abin tafi uku ne.

Aka aika wurin masaƙi, ya ce ya riga ya sauke zaren, ya ɗaura na wani, ko ya fara yau ba zai gama kafin biki ba. Na ce a raina to magana ta ƙare. Gwaggo ta jawo adudunta ta buɗe. Ta fito da wani baƙin zane nata rinin Tambuwal, ya sha shuni ya sha bugu har yana ɗaukar ido. Shi ta zo da shi don ta ɗaura ranar ɗaurin aure. Ta sa 'yar wuƙa ta fara farke ɗinkin gefensa.

Innata ta riƙe baki. Ta ce, "Yaya, ki ɓata zanenki? Kuma ai cewa za a yi maho mun ka yi mata. A ce ɗiyata ta tahi buki da zane mai maho?"

Gwaggo ta ce, "In an ka liƙa shi wuri guda, maho na. Ki bari ki gani."

Ƙwarya uku ta cire. Ta farke zanena ta zare ƙwarya ɗaya daga sama, ta sa baƙa a madadinta, wadda za ta zauna daidai ƙirji. Sauran biyun ta jera su a ƙasa, ta ratsa tsakaninsu da saƙin nan da ta zare. Kwana biyu muka yi a inuwar rumbu, ita tana ɗinki, ni ina zura mata zare a allura don idonta ya fara rauni. Tana yi tana ba ni labarin yadda ita ma aka yi ta mata dariyar ƙiba tana budurwa, har ta daina cin tuwon dare. Ta ce sai da ta auri maɗinki ta ga manyan mutane suna zuwa ana gwada su, mai tumbi a ƙara masa, gajere a rage masa, ba wanda ke jin kunya. Ta ce, "Ban taɓa ganin an ce ma mai riga shi rage cikinai ba."

Da ta gama na shiga na ɗaura. Na miƙe sosai, na duba ƙasa, ban ga komai ba sai yatsun ƙafata. Na ji sanyin bakin zanen yana shafar idon sawuna. Na taka zuwa ƙofa na dawo, na sake takawa. Wani daɗi ya cika mini ciki, irin wanda ban san da shi ba. Ban tsaya nuna wa kowa ba, na wuce kai tsaye ɗakin amarya. Ta ɗago ta dube ni tun daga ƙasa har sama, ta ce, "Cikin ya warke?" Na ce ya warke. Muka yi dariya har da hawaye, ba mu sake tayar da maganar ba.

Kwana biyu muka yi a hanya. Muka isa ƙofar Tambuwal da la'asar, daidai kasuwa tana watsewa, jama'a ta cika hanya maƙil. Amarya tana kan goɗiya a lulluɓe, ni ina gaba da adudun kayanta a kaina. Da muka tunkari ƙofar na ji gwiwoyina suna neman lanƙwashewa da kansu. Gwaggo tana bayana a kan jaki, da zanenta da ya rage ƙwarya uku, ta yi gyaran murya. Na miƙe.

An kalle ni kam, ba zan ɓoye ba. Wata daga cikin 'yan matanmu ta ce, "Yau Zalɓe ta yi ado." Na saurara in ji zafin da na saba ji, ban ji shi ba. Na ce mata ta matso kusa in yi mata inuwa, sauran suka sa mata dariya. A gidan ango wasu mata biyu suka kama bakin zanen suna juya shi, ɗaya ta ce, "Wanga saƙan ina ta? Haka aka yi Kebbe yanzu?" Gwaggo ta karɓe, ta ce haka ake yi, in suna so su same ta gida bayan buki. Dillaliya ai ba ta barin ciniki ya wuce ta.

Amma abin da ya zauna mini a rai daban ne. Da aka kai amarya ɗaki, mutane suka ragu, sai ta kamo hannuna ta ƙarƙashin lulluɓi ta matse. Ta ce tun daga ƙofar gari matan dangin ango suka kewaye goɗiyar, suka raba ta da mutanenmu. Ta leƙa ta 'yar kafar mayafi ba ta ga fuska ɗaya da ta sani ba, ta ji kamar ta diro ta gudu.

Ta ce, "Sai na hangi kanki can gaba, bisa kan kowa, da adudu. Na ce tunda ga ki nan, ba komi. Ke niƙ ƙura ma ido har mun ka iso."

Hawaye suka zubo mini. Da na yi tafiyata ta da, a ranƙwafe, da jama'a sun shanye ni ba ta gan ni ba. Da kuwa na bi kunyata, ina can Kebbe kwance ina ciwon cikin ƙarya.

Da na kwance zanen, shunin baƙar ƙwaryar ya bar mini shuɗin zobe a idon sawu biyu. Alwala ce ta wanke shi a hankali, in don ta ni ne da ya yi wata. Zaren nan mai ƙulli kuwa yana nan cikin aduduna, ya yi baƙi don tsufa. Daga ranar ban sake kai wa masaƙi aiki ba sai da shi a hannuna. Yanzu tsufa ya ranƙwafa ni da kansa, amma wannan ranƙwafawar ba ta kunya ba ce. Cikin jikokina akwai doguwa, akwai mai jiki, akwai wata 'yar firit. Duk wadda aka tashi yi wa zane sai na tsayar da ita jikin bango, na ƙwanƙwashe ta a gwiwa, na tsinko mata zarenta.

Abin da na koya ran nan shi ne, jikin da Allah ya ba mutum ba shi ake lanƙwasawa don tufafi ba, tufafin ake aunawa a jikin. Kuma kada mutum ya yarda ya ɓoye kansa don tsoron idon jama'a, domin bai san wanda ke can baya cikin taro yana neman kansa don hankalinsa ya kwanta ba.